Babi na Bakwai: Firintar 3D a Zafin Kartum

Robar da yawancin masu firintar 3D ta gida suke aiki da ita, wadda ake kira PLA, tana fara laushi da zarar zafi ya kai kusan digiri 60 a ma'aunin Salshiyos. A Kartum kuwa, cikin watan Mayu, zafin inuwa ma kan haura digiri 40 kusan kullum. Abin da ya rage tsakani bai kai digiri 20 ba. Duk wanda ya taɓa ajiye injin nan a ɗakinsa a Kartum, ko Umdurman, ko Bahri, cikin wannan 'yar tazara ya yi ta fama, ko ya sani ko bai sani ba. Waɗanda suka ƙera injin a ɗaki mai sanyi suka gwada shi, wuta ba ta ɗaukewa, in wani abu ya lalace kuma gobe ɗan aike ya kawo sabo har ƙofar gida. Da injin ya iso mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu sai ya tarar babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Ga wanda bai taɓa ganin aikinsa ba, ga yadda yake. Akwai zaren roba mai kaurin milimita 1.75, naɗe a dunƙule, nauyin kilo ɗaya, tsawonsa ya ɗan haura mita 300. Wani ɗan giya mai haƙora yana cizon zaren yana tura shi cikin bututu har ya isa wani baki na tagulla da aka zafafa zuwa wajen digiri 200. Ramin bakin milimita 0.4 ne kacal. Robar na fita a narke, bakin yana yawo a kan faranti yana zana siffar abin da ake so, in ya gama zagaye ɗaya sai ya ɗaga da kimanin milimita 0.2 ya sake zanawa a kan na ƙasa. Ginin rumbu ne, hawa bisa hawa, kuma kowane hawa sai na ƙarƙashinsa ya kama jikinsa kafin ya iya ɗaukarsa. Abu mai tsawon santimita 10 hawa 500 ke nan. Shi ya sa ƙaramin abu ke cin awa uku, babba ya kwana ya wuni.

Dabarar ta daɗe. Wani Ba'amurke, Scott Crump, shi ya nemi rajistar mallakarta a 1989, kuma kamfaninsa na Stratasys ya riƙe ta har wa'adin rajistar ya ƙare a 2009. Tun kafin nan, a 2005, Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, ya saki zanen injinsa kyauta ga duk mai son haɗa nasa. Daga wannan tsatso Josef Prusa na ƙasar Cek ya fito da samfurin da kowa ya kwaikwaya, har kamfanin Creality na ƙasar Sin ya fitar da Ender 3 a 2018 a kan kusan dala 200.

Wannan shekara ta zo wa Sudan a daidai. Takunkumin cinikin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar tun 1997 sai a watan Oktoban 2017 aka ɗage shi, sunanta kuma bai fita daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da goyon bayan ta'addanci ba sai Disamban 2020. Cikin shekarun nan matashin Kartum ba shi da katin banki da zai sayi kaya da shi a intanet, manhajoji da dama kuma da sun ga daga Sudan yake sai su rufe masa ƙofa. Saboda haka injin ta hannun 'yan uwa yake shigowa, a cikin akwatin wani kawu da ke dawowa daga Dubai ko Jidda, ko ɗan uwa mai zuwa daga Alƙahira, an kwance shi gunduwa-gunduwa an naɗe da tufafi. Zaren ma haka. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dalar da take fam 55 a hukumance ta koma kusan 375. Ɗalibin injiniya a Jami'ar Kartum ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, ko mai karatun zanen gini da ke son fitar da ɗan samfurin gida, in aikinsa ya lalace a tsakiya ba ɓacin lokaci kaɗai ya yi ba. Ya yi asarar robar da sai wani ya sake tafiya ƙasar waje kafin ya ga irinta.

Tarko na farko yana jiran mutum tun kafin ya kunna injin. A gefen akwatin wutar irin waɗannan injinan akwai wani ɗan jan makunni da ke zaɓar ko bolt 115 ko 230. Wutar Sudan, kamar ta Nijeriya, 230 ce. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka kan iso a saite a 115, in aka jona shi a haka sai a ji fas, hayaƙi ya tashi, akwatin wuta ya tafi. Dubawar daƙiƙa biyu ce ke hana wannan.

Sai daidaita faranti, wanda shi ne karatun farko na kowa a ko'ina. Ana shimfiɗa farar takarda a kan farantin, a sauko da bakin injin har ya kusa taɓa ta, sannan a riƙa jan takardar da yatsu biyu, ɗaya hannun yana murza notin da ke ƙarƙashin kusurwar. In takardar ta wuce sumul, bakin ya yi nisa, robar ba za ta manne ba, injin zai yi ta jan ta har ta zama curin zare. In ta ƙi motsi, ya danne da yawa, robar ba ta da hanyar fita. Abin da ake nema shi ne a ji takardar tana ɗan karta, tana wucewa da ƙyar kaɗan. A yi kusurwa huɗu, a sake zagayowa, don taɓa ɗaya na motsa sauran. Babu littafin da zai sa wa mutum wannan a yatsunsa, sai ya yi ta yi.

Amma ciwon da ya fi addabar mai injin a ƙasa mai zafi wani ne daban, kuma shi ya fi yaudara. Aiki ya fara lafiya, hawa na hawa, mutum ya fita shan shayi wajen mai shayin bakin titi. Ya dawo ya tarar bakin injin yana ta yawo a iska, santimita guda sama da aikin, babu abin da ke fita, ɗan giyan nan kuma yana ƙas, ƙas, ƙas, ya riga ya cinye gefen zaren ya mai da shi gari. Sabon shiga zai ce baki ne ya toshe. Ya sa allura ya tsokale, ko ya canza bakin ɗungurungum, injin ya tashi, bayan kusan awa ɗaya abin ya dawo. Wanda ya san hali ba bakin yake fara dubawa ba, agogo yake dubawa. Da wane lokaci ya tsaya? In kullum bayan azahar ne, da dare kuma ba ya yi, to zafi ne ya hau sama. Saman bakin akwai wani ƙarfe mai ƙarangiya da 'yar fanka ke hurawa, aikinsa shi ne ya bar zaren da ƙarfinsa har ya iso wurin narkewa. In iskar da fankar ke hurawa ita kanta digiri 42 ce, fukafukanta kuma sun yi nauyi da ƙura, sai zaren ya yi laushi tun a hanya, ya kumbura, ya cushe bututu. Wani lokaci ma ɗan injin da ke juya giyan shi ke yin zafi, zafin ya bi ta sandarsa ya tausasa zaren a daidai inda haƙora ke cizo. Haka nan allon lantarkin da ke ƙarƙashi, in ya yi zafi sai ya tsallake taku, a ga rabin aikin na sama ya goce gefe.

A nan ne shawarar da mutum ke karantawa a intanet take iya kai shi ta baro. Mazauna ƙasashen sanyi kan ce a gina wa injin akwati a rufe shi ruf, don iska mai sanyi kada ta sa gefen aikin ya banƙare. Gaskiya suka faɗa, a wurinsu. Wanda ya rufe injinsa haka a Umdurman yana aiki da PLA, tanda ya gina masa. Amma kuma barinsa a buɗe yana da nasa haraji, domin daga Mayu zuwa farkon damina habub na tasowa, wato guguwar ƙurar nan da ke zuwa kamar bango, ta mai da la'asar duhu, ta bar gari a kan komai har cikin ɗakin da aka rufe tagoginsa. Ƙurar tana zama a kan zaren ta bi shi cikin baki, tana cakuɗa da giris ɗin sandunan ƙarfe ta riƙa cin su. Abin da hankali ya bayar shi ne a lulluɓe injin in ba ya aiki, a buɗe shi in yana aiki, a ajiye zaren cikin leda a ɗaure, a kuma huda ɗan guntun soso a zura zaren ta ciki kafin ya shiga giya, ya riƙa share shi. In ƙura ta riga ta shiga, sai a zafafa bakin, a bar shi ya huce zuwa wajen digiri 90, a fizge zaren da hannu. Yana fitowa da siffar cikin bakin a tsininsa, dattin maƙale a jiki ana gani.

Akwai wani abu na gidajen Kartum da ya kamata a ambata, na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ta fi iyakwandishan yawa a can saboda bushewar iska da ƙarancin cin wutarta. Tana sauke zafin ɗaki sosai, kuma injin na jin daɗin haka. Sai dai iska mai danshi take hurawa. Zaren da ya daɗe a buɗe a gabanta yana shan laima, in ya shiga baki a ji yana tas-tas, jikin aikin ya fito da ƙuraje da gashi. In ban da wannan da 'yan watannin damina, bushewar Kartum alheri ce ga mai zare. Ruwan da garin ke samu a shekara bai kai rubu'in na Kano ba.

Ɗauke wuta kuwa ba sai an yi wa mai karatun nan bayani ba. Madatsar Marawi, wadda aka ƙaddamar a 2009 da ƙarfin megawat 1,250, ta ɗan sassauta lamarin na wasu shekaru, amma buƙata ta riske ta, har aka koma raba wuta bisa jadawali, musamman da bazara. Firiji in wuta ta dawo ya ci gaba da aikinsa. Firintar 3D kuwa, in wuta ta ɗauke a awa ta tara cikin aikin awa goma, bakin na tsayawa a inda yake ya narka tabo a jikin aikin, farantin ya huce, aikin ya saki. Injina da dama suna rubuta hawan da suke kai a ɗan katin memori don su ci gaba daga nan, amma ko sun ci gaba wurin haɗin yana zama da rauni. Ƙaramar na'urar riƙe wutar kwamfuta 'yan mintuna take bayarwa. Mafita ta gaske ita ce inbata da batir, ko sola, kuma a nan zafin gari ya biya bashinsa kaɗan. Abin da ya fi cin wuta a injin shi ne zafafa faranti. A ɗakin da ya riga ya kai digiri 35 ana iya rage zafin farantin sosai, ko a kashe shi bayan hawa na farko, a shafa gam ɗin takarda na 'yan makaranta, PLA ta kama. Batir sai ya yi nisa. Sauran dabarar ta tsara aiki ce, a raba babban abu gida uku ko huɗu, kowane yanki ya ƙare cikin awoyin da jadawali ya ce akwai wuta, a haɗa daga baya.

To duk wannan wahala don me? Ni dai ban ga abin kai ruwa rana ba in kwale-kwalen wasa da kawunan dodanni za a yi ta fitarwa daga zanen da wani ya ɗora a shafin Thingiverse. Darajar injin tana bayyana ne ran da maƙwabciya ta shigo da ɗan abu a tafin hannu, robar da ke haɗa kofin injin markaɗe da gindinsa, haƙora biyu sun karye. An zaga kasuwar Umdurman da Suƙ Libya ba a samu irinsa ba, masu shago sun ce sai dai a sayi sabon inji.

"Ɗan nan, an ce injinka na yin roba. Zai yi irin wannan?"

"Inna, bari in auna tukuna. Ki bar min shi zuwa gobe."

Ya ɗauko ma'aunin kauri, ya auna faɗi da zurfi da tazarar haƙora, ya zana a FreeCAD ko Tinkercad, ya sa manhajar Cura ta yanka zanen hawa-hawa. Na farko da wuya ya shiga, domin rami a aikin irin wannan inji kan fito a ɗan tsuke da kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita, sai an ƙara masa a zane. Sannan sai ya yi tunanin yadda zai kwantar da abin a faranti, don aikin yana karyewa ne a tsakanin hawa da hawa, saboda haka bai kamata ƙarfin juyawa ya faɗa ta nan ba. Sannan wace roba? PLA tana da sauƙin aiki, amma duk abin da aka yi da ita aka bari a gaban gilashin mota ko cikin raksha, wato Keken Napep nasu, da rana tsaka, za a dawo a same shi a lanƙwashe. PETG tana jurewa zuwa wajen digiri 80. ABS tana kai 100, amma tana banƙarewa, tana wari, ba ta dace da ɗakin da ake kwana ba. Wanda ya iya wannan lissafi ya shiga sahun makanikai da masu walda da matuƙan lez na unguwar masana'antu, waɗanda shekaru 20 na takunkumi suka koya wa ƙera abin da ba ya shigowa.

Labarin da duniya ta fi sani game da Sudan da wannan fasaha ba a babban birni ya faru ba. A 2012 jirgin yaƙi ya jefa bom a tsaunukan Nuba, wani yaro ɗan shekara 14, Daniel Omar, ya rasa hannayensa biyu. A watan Nuwamban 2013 Mick Ebeling na ƙungiyar Not Impossible ya je yankin da firintoci, aka yi wa yaron hannun roba bisa dabarar da wani kafinta ɗan Afirka ta Kudu, Richard Van As, ya taimaka aka tsara, har ya iya ɗaukar cokali ya ci abinci da kansa. An kafa ɗan ɗakin aiki a asibitin Mother of Mercy da ke Gidel, inda Dokta Tom Catena yake, aka koya wa matasan wurin. Kuɗin hannu ɗaya bai fi dala 100 ba. Abin a yaba ne, kuma ya buɗe idon mutane da yawa. Amma ina ganin wajibi ne a gaya wa matashin da wannan labari ya zaburar cewa yatsun roba su ne ɓangare mai sauƙi. Wuyar tana wurin kwandon da dungulmin hannu ko ƙafa ke shiga, wanda in bai zauna daidai ba yana cin fata ya zama gyambo, balle a ƙasar da gumi ba ya yankewa. Wannan aikin ƙwararru ne irin na Hukumar Gaɓoɓin Roba ta Ƙasa da ke Kartum, wadda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta daɗe tana tallafa wa. Mai firintar gida yana da wurin taimakawa, a ƙarƙashin idonsu. Ƙafar da mutum zai ɗora nauyinsa a kai ba wurin gwaji ba ce.

Ran 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma a tsakiyar Kartum ya fara. Mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu a faɗin ƙasar, ciki har da Hausawan Sudan da suka yi zamani bayan zamani a can, da ɗaliban Nijeriya da aka kwashe ta kan iyakar Masar da ta Fot Sudan. An wawashe gidaje da jami'o'i da masana'antu. Mai gudun ransa ba ya ɗaukar firinta. Da sojoji suka karɓe tsakiyar birnin a watan Maris na 2025, waɗanda suka fara komawa sun tarar an tuge wayoyin tagulla daga bango da ƙarƙashin ƙasa, an farfasa taransifoma, jirage marasa matuƙa kuma sun yi ta kai hari kan tashoshin wuta har da ta Marawi. Garin da ke farfaɗowa daga irin wannan cike yake da kayan da ɗan ƙaramin abu ɗaya ya hana su aiki, murfin famfon ruwa, maƙalin allon sola, marikin wata na'urar asibiti, kuma hanyar shigo da su ta fi ta da wuya.

Injin kansa ana iya tayar da shi daga tarkace. A Lome ta ƙasar Togo, a 2013, Kodjo Afate Gnikou ya haɗa firintar 3D da sassan tsofaffin kwamfutoci da firintocin takarda da ya tsinto, domin ƙananan injinan juyawa da sandunan ƙarfe da bel duk suna cikinsu. Zaren ne babban cikas, tunda shi ke ƙarewa. Akwai hanyar da masu sha'awar abin a ƙasashe da dama suke bi: a wanke gorar ruwa ta roba, a yanka ta da reza ta zama doguwar tsiri mai faɗi ɗaya, a ja tsirin a hankali ta cikin baki mai zafi da aka faɗaɗa raminsa, ya naɗe ya fito zare. Robar gora ta fi PLA jure rana, kuma kayan haɗa na'urar ba su fi ƙarfin mai gyaran rediyo ba. Sai dai gora ɗaya ta lita ɗaya da rabi ba ta ba da giram 30, zaren yana fita da rami a tsakiya don haka sai an ƙara yawan turawa a manhaja, kuma yana son zafin digiri 250 ko fiye. Farin bututun da ke cikin bakin injina masu arha yana fara lalacewa a daidai wannan zafi, yana fitar da hayaƙi mai cutarwa, saboda haka duk mai niyyar bin wannan hanya, a Umdurman ne ko a Sakkwato, sai ya fara canza shi da na ƙarfe zalla.